Gulbi Bai Tafi Ba

Kwana arba'in littafina yana buɗe a kan tabarma,
fari fat, kamar bai san ni ba.
Na matsa wa alƙalami har bakinsa ya karye,
na sha shayi kofi bakwai a daren Laraba,
kabu-kabu na ta tsaga titin unguwar Zariya,
ni kuma ina ta tsaga kaina.
Da asuba na ja ƙofa, na gangara fadama.

Gulbin Maraɗi ya ƙafe tun bayan kaka.
Yashi ne kawai a shimfiɗe, da sawun shanu,
da takalmin roba ƙafa ɗaya da wani ya manta.
Na ce a raina: ga ɗan'uwana,
shi ma ya rasa abin faɗi.

Baba Nomau na tsugune kusa da fangalin albasa.
Bai ɗaga kai ba, ya ce, tona nan.
Na tona da hannu, taƙi ɗaya, taƙi biyu,
har gwiwar hannuna ta nutse.
Sai yashin ya yi duhu, ya yi sanyi,
sai ruwa ya taso a hankali ya cika ramin
kamar yaron da aka kira da sunan da kakarsa ta sa masa.
Ya ce, bai tafi ba. Kwanciya ya yi.

Na zauna ina kallon aikinsa.
Da babban yatsan ƙafa yake ture ɗan hoge,
ruwa ya bi, ya shiga wurin albasa,
ya wuce wurin salati, ya tsaya inda ƙasa ta fi ƙasƙanci.
Shekara hamsin, in ji shi, ban taɓa tura ruwa ba,
abin da ya tare shi nake kawarwa.
Ruwa ba ya gardama da dutse, zagaye shi yake yi,
amma je ka duba gaɓar can
da ya cinye bara, yana tafe yana raɗa.

Can gefen gona gawo na tsaye, kore shar.
Da damina, sa'ad da kowane itace ke ado,
shi tuɓewa yake, ya tsaya tsirara,
ya bar wa gero rana.
Yanzu da kowa ya bushe, shi ke da inuwa,
awaki na rububin ƴaƴansa a gindinsa.
Wa ya gaya masa ya makara?
Wa ya isa?

Da rana ta take, Inna Haule ta miƙo mini moɗa.
Randarta na gindin mangwaro tana zufa,
tana sakin kaɗan ta jikinta
don sauran ya yi sanyi.
Ni da na toshe kowace ƙofa tawa
don kada kalma ɗaya ta zube,
ashe shi ya sa cikina ke tafasa.

Ban yi tambaya ba, ba su ƙara magana ba.
Balbela ta sauka a bayan sa, ta tashi.
Iska ta juya ganyen zogale, ta bar shi.
Na yi barci a kan buhu, bakina a buɗe,
barcin da na yi wata guda ina bin sa bashi.

Da la'asar na hau gari da yashi a aljihu,
da albasa uku da aka ba ni kyauta.
Littafin na nan yadda na bar shi, fari fat.
Ban taɓa shi ba. Na share ɗaki,
na ba tunkiyar maƙwabta ɓawon kankana,
na zauna a bakin ƙofa har aka kira isha'i.

Sai can tsakar dare, wuta ta ɗauke,
fanka ta yi shiru, gari ya yi tsit,
na ji wani abu yana tasowa a hankali,
mai duhu, mai sanyi,
daga ƙarƙashin yashi.